Na bi lodin farin kabeji daga Jos zuwa Mile 12

Farin kabeji, wanda Bature ke cewa cauliflower, baya shiri da zafi, yafi son wurin da sanyi yake kamar digiri 15 zuwa 20 haka, shiyasa yawancin wanda ake ci a Legas daga wajenmu Jos yake tafiya, mu da muke kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku. Kawuna dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, ya daɗe yana mana ƙorafi a waya wai kwastomomi suna ture namu gefe, mu kuma a gida muna cewa ai lafiya lau muka yanko shi, fari tas, sai dai in hanya ce ke ɓata shi. Da maganar ta ƙi ƙarewa sai Baba yace in bi lodin nan in gano da idona.

A kasuwar Farin Gada ta Jos muka yi lodi bayan la'asar, J5 ce, an danna mata karas da koren wake da tattasai da kabeji har ta zauna, farin kabejin kuma aka sa shi sama a kwalaye da ganyensa a jiki. Namu ne da na wani maƙwabcinmu da yake noma ta wajen Vom. Muka gangara Hawan Kibo kowa na salati, Akwanga, Keffi, muka zagaye Abuja cikin dare, Abaji, Koton Karfe, muka haye gadar Jamata muka shiga Lokoja. Tun daga nan na cire rigar sanyi ban sake waiwayarta ba. Shingen hanya kuwa ba'a magana, kowa da sandarsa da ɗan rasitinsa, direba har ya ware canji a gaban mota dan kar a tsaya ciniki kaya su dahu. Okene, Owo, Akure, Ife, Ibadan, tafiyar kusan kilomita dubu ce, ni dai rabinta a gyangyaɗi na yi ta. A Berger gosulo ya riƙe mu sosai kafin muka samu muka sulale ta Ojota da Ketu.

Wanda bai taɓa shiga Mile 12 ba wlh bazai gane ba. Ka sauka a mota kaji Hausa ta ko'ina kamar kana kasuwar 'Yan Kaba ta Kano, ga tireloli na sauke tumatir da albasa da attaruhu, ga caɓi har idon sawu, ga matan Yarabawa masu ɗaukar kaya da manyan kwanuka a ka suna ture ka in ka tsaya kallo, kuma ba wanda zai ce maka sannu. Kawu ya tarbe ni yace "ɗana ka sha hanya, zo ka karya tukun", mai shayi ya haɗa min kauri da biredin Agege, ban gama ba aka fara buɗe kwalaye.

Masu sayen farin kabeji daban suke da masu sayen kayan miya. Yawanci masu kai wa otal-otal ne da manyan kantuna a Victoria Island da Ikoyi da Lekki, sai kukun Indiyawa na Ilupeju da na 'yan Chana da Kwarori. Wata mata da kawu ke kira Madam ta zo, bata ma tsaya kallon fuskar kabejin ba, juya shi tayi ta zaro wuƙa ta yanke gindin. Na leƙa. Rami ne a tsakiyar karan, doguwar kafa har ta kusa kaiwa kan, bangonta yayi ruwan ƙasa kamar tsatsa. Ta buɗe ganyen wani, sai ga ɗigo-ɗigo a saman kan kamar ruwa ya jiƙa wurin, wasu sun fara rinewa. Ta gutsiri kaɗan ta tauna ta tofar, tace da ɗaci. Haka ta dinga yi tana warewa, abinda ta ɗauka a namu bai kai wanda ta ture ba, na maƙwabcinmu kuwa ta kwashe shi kusan duka, karansa a cike dam.

Nan rigima ta tashi. Kawu yace zafin hanya ne, direba yayi tsalle yace Alhaji kar ka ɗora min, mota ɗaya suka hau rana ɗaya suka sha, ya akayi na Vom bai yi rami ba. Gsky direba ya fi mu gaskiya, kowa yayi shiru. Zafi yana sa kai yayi yaushi ko yayi rawaya, amma ba zai huda rami a cikin kara a kwana ɗaya ba.

Da yamma kawu ya sa guda biyu a leda yace mu tafi Agege inda yake kwana, akwai wani malami maƙwabcinsa da yayi karatun aikin gona a Samarun Zariya, yanzu yana harkar iri da magungunan feshi. Muka hau danfo zuwa Berger, muka canza wata ta Ogba, kwandasta na rataye a ƙofa yana ihu, muka sauka wajen gadar Pen Cinema muka ƙarasa da ƙafa. Agege kam gida ce, Hausawa sun fi shekara ɗari a wurin tun zamanin fataucin goro, akwai waɗanda kakanninsu ma a nan aka haife su, suna juya Hausa da Yarabanci a jimla ɗaya ba tare da sun lura ba.

Bayan isha'i muka zauna a benci ƙofar shagonsa, Malam ya tsaga kabejin gida biyu da tsawo ya haska da fitilar waya. Tambayar farko da yayi min itace wane taki muke sawa. Nace NPK 15:15:15 sai yuriya, sai tokar bola da muke saya a tifa kamar yadda kowa ke yi a lambunan Jos. Ƙasar fa? Nace jigawa ce mai rairayi, da ruwan kududdufin kuza muke ban ruwa. Yayi dariya yace toh kun haɗa komai, wannan ƙarancin boron ne.

Yadda ya bayyana min, boron sinadari ne da shuka ke buƙata ɗan mitsitsi amma in babu shi aiki ya tsaya, shine yake riƙe bangon ƙwayoyin halittar shuka su haɗu da ƙarfi, musamman wurin da ke sabon girma. Kuma in ya shiga tsohon ganye ya zauna kenan, baya dawowa ya taimaki sabon toho, dan haka dole kullum saiwa ta dinga jawo sabo tare da ruwa. Farin kabeji da kabeji da burokoli suna cikin masu cinsa da yawa. Lokacin da kai ya fara haɗuwa yana girma da sauri, in boron ya yanke sai cikin karan ya tsage yayi rami, kan ya fara tabo kamar jiƙa daga baya ya rine, ɗanɗano yayi ɗaci, ƙananan ganyen tsakiya su yi kauri su nannaɗe suna karyewa da ka taɓa. Da yace haka sai na tuna ganyen da muke gani a lambu muna cewa sanyi ne ya ƙona su.

Abinda yafi ɗaure min kai shine duk buhunan da muke kashe kuɗi a kansu ba boron a ciki, NPK abu uku ne kawai, yuriya kuma abu ɗaya. Malam yace har ma yuriyar in tayi yawa tana ƙara matsalar, dan tana tura shukar tayi girman da cikinta bai iya bi, shiyasa wani lokacin ko da boron a ƙasa zaka ga rami in an cika taki an kuma bada tazara mai faɗi, sai dai shi wannan ramin farko fari ne fes, na ƙarancin boron ne ke zuwa da baƙi-baƙin nan. Ƙasa mai rairayi kuma bata riƙe boron, ruwan damina ke wanke shi yayi ƙasa. Toka tana rage tsamin ƙasa, wanda abu ne mai kyau a wajenmu, amma in ta wuce misali sai ta ɗaure ɗan boron ɗin da ya rage saiwa ta kasa ɗauka. Sannan in aka bar lambu ya bushe tsakanin ban ruwa da ban ruwa, ko inji ya lalace ko ba kuɗin mai, nan ma shuka bata samu. Na kira maƙwabcinmu a take na tambaye shi me yake sawa, yace shi kashin kaji da na shanu yake zubawa da yawa kuma ƙasarsa tana da laka. Malam yace ai kaji, takin gargajiya yana ɗauke da boron kaɗan-kaɗan kuma yana riƙe danshi.

Kawu da yake son labari ya tambaya ko sabon ilimi ne. Malam yace ina, tun 1923 wata mata mai bincike Katherine Warington ta tabbatar a cibiyar Rothamsted ta Ingila cewa shuka bata rayuwa ba boron, da wani irin wake ma tayi gwajin. Yace a Indiya da Nepal da Bangaladash inda ake noman farin kabeji sosai an sha gwadawa, a ƙasar da ke da ƙarancinsa in aka sa sai kan yafi girma da nauyi da tauri, wanda ake iya sayarwa ya ƙaru, kuma wannan na ƙarshen ne ya dame ni, dan mu matsalarmu ba yawan kwando bane, nawa Madam zata ɗauka ne.

Na ciro waya na rubuta ma'aunin. Boraks, farin garin nan, kashi 11 cikin ɗari nasa ne boron, borik asid kuma kusan kashi 17, akwai wani takin boron mai suna Solubor da ya kai wajen kashi 20 kuma yafi saurin narkewa. In a ƙasa za'a sa, boraks kilo 10 zuwa 15 a hekta guda kafin dashe, wato kilo 10 ɗin giram ɗaya kenan a kowace murabba'in mita, dan haka sai an cakuɗa shi da yashi ko taki sosai kafin a watsa, in ba haka ba wani wurin zai sha da yawa wani bai samu ba. In feshi ne, boraks giram 2 zuwa 3 a litar ruwa, tankin goyo mai lita 16 zai ci giram 32 zuwa 48, a fara narkar da shi a ruwan ɗumi, a fesa da safe ko da yamma, sau biyu ko uku, daga bayan dashe ya kama zuwa lokacin da kai ya fara fitowa. Wanda ya riga yayi rami kuma ba abinda zai cike shi.

Sai ya riƙe hannuna yace ɗan'uwa ka ji wannan da kyau, dan na san halinmu, in akace cokali ɗaya sai mu sa uku dan yafi aiki. Tsakanin isa da guba a boron tazarar kaɗan ce ƙwarai. In yayi yawa bakin ganye zai ƙone ya bushe, kuma yana iya zama a ƙasa ya cuci abinda za'a shuka bayansa, koren wake ma baya jure shi ko kaɗan, mu kuwa shi muke bi da shi a kwamin. Yace in da hali a kai ƙasar a auna kafin a sa komai. Ni a ganina nan ne masu sayar da taki a ƙauyukanmu suka gaza, mutum zai sayar maka da buhu goma bai taɓa tambayarka kalar ƙasarka ba, kuma malaman gona sai a rediyo.

Washegari na raka yaron kawu kai ragowar masu kyau tsibiri, wato ɓangaren su Victoria Island. Muka hau gadar Third Mainland, kilomita 11.8 a kan ruwa, ina ta leƙen gidajen katako na Makoko da kwale-kwale a ƙasa har yaron yana min dariya. A wani babban kanti na ga farin kabeji an naɗe shi a leda cikin firij, na duba kuɗin kai ɗaya na sake dubawa, ya ninka abinda ake bamu a gona ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Na juya gindinsu ɗaya bayan ɗaya har mai gadi ya fara kallona, ba ko ɗaya mai rami. Wanda aka ture mana kuwa masu abincin bakin titi kawu ya karyar wa a kuɗin da bai biya motarsa ba.

A dawowa muka sauka Ojota, akwai layin masu sayar da kemikal inda masu haɗa sabulu ke sayayya, nan na samu boraks a awo, wanda yawancinsa daga Turkiyya yake fitowa dan su ke da mafi yawan ma'adinin a duniya. Mai shagon ya ɗauka maganin kyankyaso zan haɗa, da nace na gona ne sai ya kira maƙwabcinsa yazo yaji. Na sayi kilo biyu da ɗan ƙaramin sikeli na giram, dan Malam ya hana ni awo da murfin kwalba.

Kafin in hau motar komawa na kira ƙanina nace dashen da za'a yi na gaba a raba shi uku, kashi ɗaya a watsa boraks a ƙasa, ɗaya ayi feshi kawai, ɗaya a bar shi yadda muka saba, a rage yuriyar ƙarshe a duka, kuma a rubuta alama a kwalayen in an tashi lodi. Kawu yace shi zai tsaya da kansa ranar da Madam zata yanka ya ƙirga na kowane kwali ya turo mana ta WhatsApp.