Gudun kai-komo na mita 20: lambar ta yaro ce ko ta filin?

Duk malamin wasanni ya san gwajin nan na auna juriyar zuciya da huhu, a ja layi biyu da tazarar mita 20, a kunna sauti, yara su yi ta gudu daga wannan layin zuwa wancan kafin ƙarar ta sake fita. Luc Léger na Jami'ar Montreal a Kanada ne ya fito da shi a farkon shekarun 1980. Wanda ake yi yanzu ana farawa da gudun kilomita 8.5 a awa, duk minti ɗaya a ƙara rabin kilomita a awa har yaro ya sare, lambarsa ita ce matakin da ya kai. Turawa sun saka shi cikin Eurofit, jerin gwaje-gwajen ƙarfin jiki na Turai, a 1988, Amurkawa ma suna da irinsa a nasu jerin mai suna FitnessGram. Kuma gwajin ba laifi, sakamakonsa yana kusa da na ɗakin bincike inda ake sa wa mutum abin rufe baki da hanci a auna iskar da jikinsa ke amfani da ita, ga shi ba ya cin kuɗi, igiya da waya sun isa.

Amma fa ni abin da nake gani a filinmu, lambar ba ta zuciya da huhu ba ce kaɗai. Ka gwada yaro da sanyin safiya, mako mai zuwa ka gwada shi bayan azahar cikin zafin watan Afrilu, kan yashi, da silifas, bai karya ba, sannan ka ce wai ya yi rauni? Haba. Wani kuma ranar farko bai gane ƙarar ba ya zuba da gudu kamar an koro shi, kafin minti uku ya zube, karo na biyu sai ya ninka, alhali ba wani ƙarfi ya ƙara ba, dabara ya koya. 'Yan mata kuwa da yawa da sun ga samari sun tsaya kallo sai su fice tun numfashinsu bai ko sauya ba.

Wasu gwaje-gwajen kamar matse na'urar auna ƙarfin hannu da tsalle daga tsaye ba tare da gudu ba sun fi tsayawa a lamba ɗaya idan an maimaita, shi ma na hannun sai an daidaita mariƙin na'urar da tafin yaro.

Shi ya sa yanzu nake fara yi musu gwaji na wasa tukuna, in auna mitocin da tef ba da taku ba, lokaci ɗaya, fili ɗaya, mata daban. Sakamakon ina duba shi ne a kan ajin gaba ɗaya, ba na rubuta wa iyaye cewa ɗansu rago ne saboda gudun rana ɗaya.