Yinin da lamba 2,147,483,647 ta cinye mini

Yau da safe na zauna gwada wata 'yar manhaja da na rubuta don ƙirga daƙiƙu, kuma da ƙirgar ta kai 2,147,483,647 na ƙara mata ɗaya, sai ta faɗa can ƙasa da sifili. Laifina ne, domin na ajiye lambar a gurbi mai bit 32 (bit ɗaki ne da ke ɗaukar sifili ko ɗaya kawai), wanda ɗaya daga cikinsu na alamar sama ko ƙasa da sifili ne, saura 31 kacal na ƙirga. Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba, amma lambar ta hana ni sakat har dare.

Asalinta shi ne a jera biyu sau 31, a ninka su da juna, a cire ɗaya. Shi ya sa a rubutun kwamfuta take fitowa ɗaya-ɗaya har 31 babu sifili a tsakani. Mara ce, ba cika ba. Da na tara alƙalumanta na sami 46, don haka uku ba ta raba ta, biyar ma haka tunda da bakwai ta ƙare. Gaskiyar magana ita ce babu abin da ke raba ta ba ragowa sai ɗaya da ita kanta, kuma ita ce ta takwas a jerin irin waɗannan lambobi da ake jingina wa Marin Mersenne na Faransa. Ita kanta 31 ɗin 'yar gidan ce, domin 32 ce aka cire wa ɗaya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar a 1772 cewa babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta, lokacin da ganinsa ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. Bai bi lambobi biliyan biyu yana rabawa ba. Da farko, gwaji ba ya bukatar wuce 46,340, domin 46,341 idan aka ninka ta da kanta ta zarce lambar. Sannan bisa ƙa'idar da aka sani tun zamanin masanin lissafi Fermat, duk mai raba wannan lamba dole ta zama ninkin 62 (wato 31 sau biyu) da ɗaya a kai. Na gwada ƙa'idar a kan ƙanwarta 2,047, wadda ke fitowa idan aka jera biyu sau 11, aka ninka su, aka cire ɗaya: ta rabu gida 23 da 89, dukkansu ninkin 22 da ɗaya. Da la'asar na ɗauki biro na raba babbar da 311, wadda ita ce ta farko da ta cancanci gwaji, domin ita ce ninkin 62 da ɗaya ta farko da ba ta rabuwa, na sami ragowar 35, hannuna kuma ya gaji tun a nan.

Bayan isha na ninka ta da rabin 2,147,483,648 kamar yadda masanin lissafi Euclid ya nuna, aka sami 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiyar lamba ta takwas, wato wadda jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ke dawo da ita daidai. Kafin in rufe kwamfutar na duba sauran manhajojina, domin agogon Unix mai bit 32, wanda kwamfutoci ke ƙirga daƙiƙu da shi, zai ci karo da wannan bango ranar 19 ga Janairun 2038, kuma na tarar da biyu da ke bukatar gyara gobe.