Fentin ƙofa tsakanin hunturu da damina

Lokacin da muka tare a gidanmu na Gyallesu, babu abin da ya faranta mini rai kamar ƙofofi biyar da aka yi mana da madaci, da siririn katakon da aka zagaye bakin tagogi da gindin bango da shi. Mai fentin da na ɗauka ya yi aikin ne a watan Janairu, hunturu yana tsakiyar kaɗawa, kuma ya gama komai cikin kwana biyu. Bayan mako guda na shafa tafin hannuna a jikin ƙofar falo, sai na ji ta da kaushi kamar an barbaɗa mata rairayi, domin ƙurar da ke shigowa ta taga ta zauna a kan ɗanyen fenti ta bushe tare da shi. Da damina ta kankama a watan Agusta kuma, ƙofar banɗaki ta kumbura ta ƙi rufuwa, fentin gindinta ya soma ɓanɓarewa.

Wani dattijon kafinta na ɗauko daga Sabon Gari ya duba mini. Da zuwansa ya durƙusa ya zura yatsa a ƙarƙashin ƙofar, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ai nan ba a shafa masa komai ba." Na ce, "Baba, wurin da ido ba ya gani ma sai an shafa?" Ya bayyana mini cewa katako yana shan laima da damina ya kumbura, ya fitar da ita da hunturu ya tsuke, kuma ta kan da aka yanke da zarto ya fi sha, wato saman ƙofa da ƙasanta. Idan aka lulluɓe fuska biyu da fenti aka bar waɗannan gefuna a buɗe, ruwan da ake zubarwa wajen wanke ƙasa ta nan zai shiga, ya ture fentin daga ciki.

Mun jira har ƙarshen Oktoba, ruwa ya ɗauke, ƙura kuma ba ta taso ba tukuna. Muka cire ƙofofin muka kwantar da su a kan benci. Gugar samfefa ce ta cinye mana mafi yawan lokaci: mai lamba 80 don kankare tsohon fenti, sai 120, sai 220 a ƙarshe, kuma kullum ana bin tsawon jijiyar katakon, domin wanda ya gitta ta zai bar zane da babu shafen da zai ɓoye shi. Ramukan ƙusa kuwa Baba ya cike su da garin katakon da aka kwaɓa da gam. Yara mun tura su gidan kakarsu, saboda wasu fentocin mai suna ɗauke da dalma, ƙurarsu kuwa guba ce ga ƙananan yara.

Da asalin launin madacin ya bayyana, ja mai duhu, sai na kasa yarda a sake rufe shi. A ganina asara ce mutum ya sayi madaci da tsadarsa sannan ya binne shi a ƙarƙashin farin fenti. Ƙofofi huɗu banish muka shafa musu, wato man da ke sa katako sheƙi ba tare da ya ɓoye launinsa ba, shafe uku marasa kauri, ana barin kowanne ya kwana ya bushe, a bi shi da samfefa mai laushi, a goge da tsumma kafin a ƙara wani. Ta banɗaki da katakon gindin bango su ne suka sami fentin mai, bayan shafen farko da ke riƙe shi. Baba ya hana a tsinka fentin da kananzir kamar yadda mai fentin farko ya yi, ya ce tina ake sawa, wato ruwan da aka yi don tsinka fenti, ita ma kaɗan, domin kananzir yana jinkirta bushewa, ƙura ta sami damar zama. Bayan firam ɗin da ke jingine da bango kuma muka shafa masa maganin gara.

Aikin ya ɗauke mu kwana tara. Damina biyu ke nan ƙofar banɗakin tana rufuwa da yatsa ɗaya, saura tagogin ɗakin baƙi da nake jiran Oktoba mai zuwa in yi musu.