Saƙon da hanjin Umma ke aikawa

Azumin bara, ranar goma sha ɗaya ga wata, na shiga ɗakin Umma bayan la'asar na tarar da ita a kan darduma tana karkarwa, gumi ya jiƙa mata mayafi sharkaf. Ta ce in bar ta, jiri ne kawai, ai saura kaɗan a sha ruwa. Na ɗauko na'urar awon suga na soki yatsarta. Lambar da ta fito ba ta kai 4 ba, wato suganta ya sauka ƙasa sosai. Na dama sukari a kofi na durƙusa a gabanta. "Umma, don girman Allah ki sha. Allah bai ɗora miki wannan ba." Ta sha tana hawaye. Azumin da ya kuɓuce mata take wa kuka, ba jikinta ba.

Shekara tara ke nan tana fama da ciwon suga, tana shan metformin da glibenclamide. Washegari likita ya yi mana bayani cewa na biyun nan matsa wa fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, yake yi ya zubo insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba, shi ya sa yake da haɗari ga mai azumi. Ya cire shi ya rubuta mata sitagliptin. Yana miƙo takardar ya ce, "Hajiya, wannan ba ya tilasta wa jiki. Hanjinki ne zai riƙa ba da umarni, maganin taya shi kawai zai yi."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Shekara goma sha huɗu ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma duk shekara ina zana hanji a allo a matsayin hanya: abinci ya shiga, a narkar, a tsotse, saura ya fita. To wane umarni kuma hanji ke bayarwa? Na kwashe ragowar dararen watan ina karatu bayan tarawihi.

Ashe homon na farko da aka fara ganowa a jikin dabba, wato sinadarin da ke kai saƙo ta jini daga wata gaɓa zuwa wata, ma daga hanji ya fito. A 1902, a Landan, William Bayliss da Ernest Starling suka nuna cewa bangon ƙaramin hanji yana sakin wani sinadari cikin jini wanda ke sa fankiriyas ya tsiyayo da ruwan narkar da abinci, suka sa masa suna secretin. A 1964 kuma masu bincike suka tabbatar da wani abu mai ban mamaki: idan mutum ya sha suga ta baki, insulin ɗin da jikinsa ke fitarwa ya fi wanda yake fitarwa idan an ɗura masa sugan ta jijiya, ko da yawan sugan da ke cikin jinin ɗaya ne. Ke nan akwai ɗan aike da ke tashi daga hanji ya riga kaya isa, ya ce wa fankiriyas shirya, ga baƙi nan tafe.

Wurin da ya fi kama ni shi ne asalin ɗan aiken. Akwai homon mai suna gulukagon, wanda aka gano a 1923, shekara biyu bayan insulin. Kishiyar insulin ne. Shi ke raya mai azumi da rana, domin shi ke umartar hanta ta buɗe rumbunta ta sako suga cikin jini idan ciki ya daɗe babu komai. Fankiriyas ke yin sa. Amma tun da daɗewa masana suna tsintar wani abu mai kama da shi a bangon hanji, sun kasa gane ko mene ne. Sai a farkon shekarun 1980, da aka karanta ƙwayar gadon da ke haifar da gulukagon, aka ga ashe doguwar sarƙa ce take fitarwa, gulukagon wani yanki ne kawai a jikinta.

Marigayi mahaifinmu tela ne, kuma da sana'arsa na fahimci wannan. A ba teloli biyu shadda iri ɗaya, tsawo ɗaya. Wannan ya yanka ya fitar da babbar riga, wancan ya yanka ya fitar da kaftani da wando. Sarƙar nan ita ce shaddar. A fankiriyas almakashin da ke yanka ta yana fitar da gulukagon, mai ɗaga suga. A wasu ƙwayoyi da ake kira L, waɗanda suka fi yawa a ƙarshen ƙaramin hanji da cikin babban hanji, wani almakashin dabam ne ke aiki, sai ya fitar da GLP-1 da GLP-2 da oxyntomodulin da glicentin. Shi GLP-1 aikinsa saukar da suga. Uwa ɗaya uba ɗaya, aiki hannun riga. Na daɗe zaune da wannan a daren da na gane shi, ina ta subhanallahi.

Sunayen da suka yi wannan aiki sun cancanci a faɗe su: Joel Habener da Svetlana Mojsov da Daniel Drucker a Boston, da Jens Juul Holst a Kopenhagen. Ita Mojsov ce ta gano ainihin guntun GLP-1 da ke aiki a jiki, kuma an daɗe ana rabon yabo ba a kiran sunanta. A 2024 aka ba ta lambar Lasker, babbar lambar yabo ta binciken likitanci, tare da Habener da Lotte Knudsen. Na gaya wa ɗalibaina mata labarinta da gangan.

Aikin GLP-1 ba ɗaya ba ne. Yana sa a saki insulin, yana danne gulukagon bayan cin abinci, yana rage saurin da tumbi ke tura abinci gaba, yana kuma gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Abin da ya shafi Umma kai tsaye shi ne, ba ya tunzura insulin sai idan suga ya hau. Da suga ya sauko daidai, sai ya saki. Matsalarsa gajeren rai: wani sinadari mai suna DPP-4 yana datse shi cikin kamar minti biyu. Ƙwayar da aka ba Umma, wadda aka fara amincewa da ita a Amurka a 2006, wannan mai datsewar take riƙe wa hannu, saƙon hanjin ya ɗan jima yana yawo. Sai a nan na gane maganar likita.

Wasu kuma ta wata hanya suka bi, suka nemi abin da ke kwaikwayon GLP-1 amma ba ya saurin mutuwa. Wani likita a New York, John Eng, ya samo shi a 1992 a dafin wani ƙadangare na hamadar kudu maso yammacin Amurka da ake kira Gila. Daga nan allurar exenatide ta fito a 2005. Semaglutide, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic, ya biyo baya a 2017. Shi GLP-2 ba a cika jin sunansa ba, amma shi ke sa bangon hanji ya yi kauri ya ƙara tsotso, kuma an yi magani da shi don waɗanda aka yanke wa mafi yawan hanjinsu.

Allurar semaglutide ɗin nan ce yanzu ke yawo a wayoyin mutane da sunan allurar rage ƙiba, kuma abin yana damuna ƙwarai. Wata abokiyar aikina ta nuna min hotonta a WhatsApp, wata ce ke tallarta tare da turaren wuta da atamfa, ana shirin biki. Na roƙe ta kada ta saya. Magani ne na gaske mai amfani ga wanda likita ya auna ya ga ya dace, amma yana jawo tashin zuciya da amai da gudawa, ana fara shi ne da kaɗan a riƙa ƙarawa a hankali, yana buƙatar sanyi wajen ajiya, kuma mai ciki ba ta amfani da shi. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsa da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. Idan jabu ya kutsa can, me zai hana shi shiga jakar mai talla a nan?

A gida kuwa abin da ya sauya kaɗan ne. Ƙwayoyin L suna amsa wa furotin da mai da kuma abin da bakteriyar cikin babban hanji ke samarwa daga dusar abinci da ganye. Saboda haka muka daina buɗe baki da tulin kunu mai sukari da ƙosai da lemon kwalba a lokaci ɗaya. Dabino ɗaya, ruwa, sallah, sannan kwaɗon zogale ko wake da ɗan kifi, tuwo ya zo daga baya kuma malmala ƙarama.

Bana, wata guda kafin azumi, muka koma wurin likita. Ya duba gwajinta da na ƙoda, ya ce za ta iya gwadawa, da sharaɗin awo sau uku a rana da karyawa nan take idan ya sauka. Malamin unguwarmu ya tabbatar mata sukar yatsa ba ta karya azumi. Ta kai ashirin da bakwai, ta sha uku saboda zazzaɓi. Ranar ƙarshe da la'asar na shiga da na'urar, ta miƙo yatsa ba tare da ta ɗago daga Alƙur'aninta ba. Na karanta mata lambar. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Malam, leƙa ka ce wa yaran nan su ɗora waken, rana ta yi sanyi."