Tallafin mata masu sana'a a zaure yake tsayawa

Duk sanda wata masifa ta afko sai ka ji a rediyo an ware biliyoyi domin ƙananan 'yan kasuwa. Lokacin korona a 2020, bayan kullen da aka yi wa Kano, an fito da asusun tallafi na Survival Fund na naira biliyan 75, har aka ce kashi 45 cikin ɗari na mata ne, ga kuma bashin Babban Bankin Najeriya, CBN, ta bankin NIRSAL. Wasu sun samu, madalla. Amma duba sharuɗɗan fa: cike fom a intanet, BVN, asusun banki, wani ɓangaren ma sai kana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

To yanzu fisabilillahi matar da take suyar awara a cikin gida a Kurna ko Ɗorayi, ko mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko mai haɗa turaren wuta da humra, wadda 'yar ƙaramar waya ce da ita mai tocila, ina ita ina CAC? Sana'ar matan Kano yawanci a tsakar gida take, ba shago ba allo, yara ne ke kai talla ko maƙota su aiko a saya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne cin jari. In maigida ɗan adaidaita ne ko lebura a Kwari aka ce kar a fita, ai tukunya kan matar take dawowa, yau ta taɓa kuɗin waken suya ta auno masara, gobe yaro ba lafiya ta sake taɓawa, kafin a buɗe gari jari ya karye ƙurmus, ga zubin adashi yana jiranta. Haka aka yi a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, mai sayar da awarar naira hamsin wa zai yi mata tiransifa? Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin mota zuwa Dawanau ko Singa saro kaya ya lashe ribar.

Ni a ganina in da gaske ake a bi ta hannun uwar adashi. Wallahi ta fi kowace kwamfuta sanin wace ce ke sana'a a layin, nawa take zubi, wace ce ba ta taɓa tsallake zubi ba. A ɗauki mata ma'aikata su shiga gida-gida su yi rajista tun ana zaman lafiya, tunda namiji ba zai shiga ba. Kuma a daina maganar bashi mai ruwa, mata da yawa ko kyauta aka kai musu fom ɗin ba za su taɓa ba saboda tsoron riba, kuma suna da gaskiya. Jari kaɗan ya isa, amma ya zo a makon farko ko na biyu, kafin ta kai ga sayar da firji ko keken ɗinkinta a hannun dillaliya.