Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har uwar garken asibitinmu ta tashi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, uwar garken asibitinmu, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan asibiti, ta dawo bakin aiki, kuma ko fayil ɗaya na marasa lafiya bai salwanta ba. Godiya ta tabbata ga Allah. Bayan haka akwai bayin Allah da ya zama wajibi in fito bainar jama'a in gode musu, domin ba su bari mun ɗauki wannan nauyi mu kaɗai ba.

A da, faya-fayan na'urar a haɗe suke ta hanyar mdadm, wato Linux, tsarin da ke tafiyar da na'urar, da kansa ke kwafe abin da ke wannan faifai zuwa wancan. Yawan ɗauke wuta ne ya sa muka koma katin RAID, wato katin haɗa faya-fayai, mai baturinsa, wanda ke riƙe abin da bai gama rubutawa ba har wuta ta dawo. Aka haɗa faifai huɗu a tsarin RAID 10, inda kowane faifai ke da abokin da ke riƙe da kwafinsa, aka mayar da komai daga kwafin ajiya, aka kunna. GRUB, allon zaɓin da ke fitowa kafin Linux ya tashi, ya fito lafiya lau. Daga nan sai na'ura ta cije, allo ya yi ta jero saƙon dracut-initqueue timeout, can ta ce ba ta ga faifan da za ta tashi a kansa ba, ta ajiye mu a baƙin allon gaggawa. A kashe a kunna, labarin bai canza ba. A waje kuwa layin masu karɓar kati ya kai bakin ƙofa, ɗakin magani ba su san abin da ya rage a kanta ba sai sun ƙirga da hannu.

Babbar godiyata ga yayana a wannan sana'a, wanda ke Kaduna. Cikin dare na kira shi ta bidiyo a WhatsApp, ya ce in juya kyamara ya ga allon da idonsa. Abin da ya fara yi shi ne gargaɗi: kada wanda ya kuskura ya shiga saitin katin ya sake shirya faya-fayan, don yin hakan zai share komai. Ya ce kayan suna cikin ɗaki, makulli ne ba ya hannu. Sannan ya yi min bayani dalla-dalla. Akwai ɗan ƙaramin fayil mai suna initramfs da Linux ke fara lodawa kafin ya isa ga babban faifai, kuma a irin tsarinmu dracut, shirin da ke gina shi, na zuba masa direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa Linux ya gane kayan na'ura) na kayan da ya tarar a na'urar ne kawai a ranar da aka gina shi. A ranar babu katin RAID, saboda haka babu direban katin, wato megaraid_sas, a ciki. Na'ura na neman faifan da ba ta da hanyar ganinsa.

Ya sa muka zaɓi layin rescue a jerin GRUB, wanda shi yana ɗauke da direbobi masu yawa, sai ga shi ta tashi. Wallahi lokacin da na buga lsblk, umarnin da ke jero faya-fayai, na ga faifan ya bayyana da girmansa cif, sai da na zauna a ƙasa. Muka sake gina initramfs da dracut -f tare da direban. Bai tsaya nan ba. Ya gano ragowar rd.md.uuid a layin kanel, wato umarnin da GRUB ke miƙa wa Linux lokacin tashi, tana sa na'ura jiran tsohon haɗin mdadm da ba ya nan, aka cire ta da grubby. A fstab ma, fayil ɗin da ke jero faya-fayan da za a buɗe lokacin tashi, akwai layin da ke kiran tsohon haɗin, /dev/md1, muka musanya shi da UUID, wato lambar shaidar faifan, da umarnin blkid ya nuna. Ya ƙi ajiye waya sai da muka kashe muka kunna ya ga ta tashi da kanta. Da na yi maganar ladan aiki, cewa ya yi in bar zancen. Yaya, Allah Ya saka maka da mafificin alheri, Ya albarkaci zuri'arka.

Ina godiya ga Hajiya shugabar ma'aikatan jinya. Ba ta tsaya tambayar yaushe za a gyara ba, ta fito da tsofaffin rajistoci ta raba wa kowane sashe, aka ci gaba da ganin marasa lafiya da biro da takarda. Ranki ya daɗe, kin rufa mana asiri. Haka Likita mai asibitin, ranka ya daɗe, ka ba mu lokaci ba tare da matsi ba, kuma kai ne tun farko ka dage sai an ajiye kwafi a wani faifai daban kafin a taɓa komai.

Ƙannena na ɗakin kati, da Baba mai kula da janareta wanda ya kwana yana duba mai don kada wuta ta yanke muna tsakiyar gyara, Allah Ya biya ku.

Ga marasa lafiya da 'yan uwansu da suka yi dogon jira, muna ba ku haƙuri, kuma mun gode da juriyarku. Duk abin da aka rubuta a takarda ana shigar da shi kwamfuta yanzu, don haka wanda aka gani a kwanakin nan ya riƙo katinsa da takardar maganinsa idan zai dawo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.