Gurbi 43 da sifili ɗaya

Ranar Alhamis na miƙa makullin ofis bayan shekara 4 ina aikin rubuta manhajoji a Yamai. An sha shayi, an yi mini addu'a, amma ba wanda ya taɓo maganar manhajar albasa. Ni zan taɓo ta, domin yaran da suka shigo bayana su za su gaji wannan kod ɗin.

Waɗanda muke tare a lokacin sun san aikin. Wani Alhaji ne a Tawa mai sayen albasar Galmi yana lodinta zuwa Gana da Kodebuwa, ya ce yana son akawunsa ya bar littafi ya koma kwamfuta. Da yaren kwamfuta na Java muka yi masa, a NetBeans, manhajar da muke rubuta kod a cikinta. Taga 6, guraben rubutu 43: yawan buhu, farashi, kuɗin kafin alƙalami, lambar waya da sauransu, kuma kusan dukansu lamba kaɗai ya kamata su karɓa.

Tun makon farko na sami maigida na ce ya ba ni kwana 2 in rubuta ƙa'idar karɓar lamba kaɗai a wuri guda, kowane gurbi ya riƙa ɗauka daga can. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Kai yaro, Alhaji abin da ya gani a allo yake biya. Kwafa ka liƙa, mu wuce." Na kwafi keyTyped guda, wato ɗan kod ɗin da ke duba kowane harafi da aka buga, na liƙa shi sau 43.

Shi keyTyped harafin da yatsa ya buga kaɗai yake tarewa. Abin da aka liƙa da Ctrl+V ta wata ƙofa yake shiga, ba ya ganinsa. Akawun Alhaji kuwa daga Excel na Faransanci yake kwaso kuɗi, inda ake rubuta 150 000 da fili a tsakiya. Integer.parseInt, umarnin da ke mayar da rubutu lamba, ba ya karɓar lamba mai fili, sai ya jefo kuskure. A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɗora wa kowa ba: a cikin catch, inda ake faɗa wa manhaja abin da za ta yi in an sami kuskure, na rubuta cewa idan lamba ta ƙi karantuwa a sa 0. Na yi haka ne don kada manhajar ta tsaya gaban mai kaya.

Mako 3 ana ba manoma kafin alƙalami, manhaja tana rubuta sifili. Da suka kawo albasa aka biya wasunsu cif, kamar ba su taɓa karɓar ko dala ba. Akawun ne aka fara tuhuma, dattijo mai iyali, har sai da ya ɗauko tsohon littafinsa da bai daina cikawa a ɓoye ba. Har yau idan na tuna fuskarsa ranar da na sauka a Tawa, bayan na yini a mota ta Doso da Ƙonni, sai jikina ya yi sanyi.

A gabana Alhaji ya kira maigida, ya buɗe muryar waya. Maigida ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ɗan koyon aiki ne ya yi gaban kansa." Shekarata 2 ke nan a gidan. Ban ce komai ba, kuma rashin maganar nan ta fi cina.

Gyaran a dare ɗaya na yi shi, a ɗakin saukar baƙi. DocumentFilter guda na rubuta, wato matatar rubutu ta Java, wanda yake zaune a kan rubutun kansa, don haka bugawa da liƙawa duk ta hannunsa suke bi. Yana share fili kowane iri ne, har da wanda ba ya tsinkewa da Excel ke sakawa, yana ƙin haruffa, kuma ana gaya masa iyaka, misali 8 ga lambar wayar Nijar. Na haɗa shi da zaɓe duk rubutun idan an shiga gurbi, da jan layi idan abu ya ƙi karantuwa, na dunƙule su cikin gurbi guda da ya gaji JTextField, gurbin rubutu na asali a Java. A nan ma na gano cewa a allon bugawa na Faransanci, AZERTY, in akawu ya manta Shift, é da è ke fitowa maimakon 2 da 7, tsohon kod yana haɗiye su shiru. Yanzu gurbin yana faɗa masa.

Sauran abin da na koya kaɗan ne. Ban sake gwada manhaja da hannuna kaɗai ba, ina zama bayan mai amfani da ita in ga yadda yake yi. Umarnin da ban yarda da shi ba kuma, ina neman a turo mini shi a rubuce.

Bara na ji maigida yana nuna wa wani baƙo wannan gurbin yana cewa tsarin gidanmu ne tun asali. Yana nan cikin jakar da kowa ke buɗewa, ku yi amfani da shi. Manhajoji 2 na da har yanzu da keyTyped suke aiki, ɗaya ta kantin magani ce. Wanda aka miƙa wa ita a cikinku, ya fara duba gurbin farashi.